Makarantun Ƙauyukan Goro a Ƙasar Remo

Jama'a, makarantun firamaren nan da muke giftawa in za mu ƙauye sayen goro, ba jiya aka gina su ba. A watan Janairun 1955 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin firamare kyauta. Cikin shekara guda 'yan makaranta suka tashi daga wajen 457,000 zuwa 811,000. Azuzuwa suka kasa, sai mutanen ƙauyuka suka ba da fili, suka yi gayyar gini, gwamnati ta tallafa da kuɗi.

Iyayenmu na Sabo kuwa suka ja baya. Ba mu ga laifinsu sosai ba, don yawancin makarantun na hannun mishan ne, ana gudun yaro ya tafi yana Musa ya dawo yana Moses. To amma Yarbawa Musulmi tuni suka samo dabara. Ƙungiyar Ansar-Ud-Deen, wadda aka kafa a Legas a 1923, ta buɗe nata makarantun, boko da addini a haɗe. Mu muka tsaya ga allo kaɗai, 'ya'yansu suka zama akawunan ofisoshin da muke biyan haraji.

A 1976 aka yi UPE ta ƙasa baki ɗaya. A 1991 gwamnatin Babangida ta miƙa firamare ga ƙananan hukumomi, albashi ya dinga maƙalewa, malamai suka yi ta yajin aiki. Makarantar ƙauye ta fi kowa shan wuya. Ƙungiyar iyayen yara ce ta riƙe ta, ana karo-karo a gyara rufi, a sayi benci. A taronsu ake yanke komai, kuma da wuya ka ga Bahaushe a zaune.