Kuɗin ruwan famfo: wa ke yanke farashi, wa ke duba ma'aikata?

Duk lokacin da rani ya kama tambayar nan sai ta dawo, daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji: in mai famfo ya ƙara dala guda bisa jarka, wa ya ba shi izini? Ga abin da muka tattaro.

Birni da karkara

A garuruwan da kamfanin NDE ke aiki, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024, gwamnati ce ke yanke farashi daga Yamai. Haka ma wutar NIGELEC, hukumar ARSE ke sa ido kanta. Magajin gari ba ya da hannu a nan, sai dai ya kai kukan jama'a.

A karkara kuwa, kamar ƙauyukan Gangara ko Cadakori, labari ya sha bamban. Dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 da dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban shekarar sun ɗora ruwan sha bisa wuyan komin. Ita ke ba ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da shato da famfuna, kuma farashin yana rubuce cikin takardar. Mai famfo ba ya da ikon canza shi shi kaɗai.

Mu yi lissafi

Kwanta na ƙirga ruwa da mita kub, wato lita 1000. Misali, in kwangila ta ce dala 100 mita kub, jarka mai lita 20 dala 2 ke nan. In ana karɓar dala 3, sai a tambaya. Kuɗin nan ba duka ba ne na ɗan kwangila: ana ware wani kaso don sake famfo ko inji in ya mutu, wani kuma na komin. In ba a zuba kason ba, ranar da inji ya tsaya mata ne za su koma rijiya.

Wa ya cancanci aiki?

Kafin a ba da kwangila ana duba rajistar kasuwanci, da lambar haraji ta NIF, da shaidar CNSS. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, baƙo daga wata ƙasa kuma sai hukumar ANPE ta sa hannu a kwantaraginsa.

Ina za a kai ƙara?

Tun watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun komin, aka naɗa shuwagabannin riƙo da ake kira AD. Yanzu su ke riƙe da wannan nauyi. A fara da ƙungiyar masu amfani da ruwa ta gari, AUSPE, sannan ma'aikatar magajin gari, sannan ofishin ruwa na dafartama. Ku nemi a karanta muku kwangilar a bainar jama'a. Haƙƙinku ne.