Basira Ɗaya Ce Ko Bakwai?

Yau zan mayar da ku shekarar 1983, lokacin da Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya ce basirar ɗan Adam ba ɗaya ba ce, iri bakwai ce: ta harshe, lissafi, kiɗa, motsa jiki da sauransu. Malaman harshe da dama suka yi na'am, domin dama tun shekarun 1970 wasunsu ke fafutukar mutunta ɗalibi. Lozanov na Bulgeriya har kiɗa yake kunnawa a aji don fargaba ta gushe. Masu suka kuwa suka ce, ina gwajin da ya tabbatar da rabon nan? Ni dai a ganina, ko hujjar na da rauni, ta sa malami ya yi tunani kafin ya kira yaro daƙiƙi.