Shaidar Dattawan Ƙauye

Wani fom da sabon malami ya kawo ne ya tayar wa Baba hankali, ana dab da ritayarsa daga wata makarantar Baibul a Filato. A ciki ɗalibi zai ba kansa maki, daga 1 zuwa 5, a kan addu'a, kamun kai da tawali'u. Baba ya ce duk wanda ya ba kansa 5 a tawali'u ya riga ya faɗi.

A zamaninsu ƙauye ke ba da makin. Ƙarshen mako a tura ɗalibai wa'azi a ƙasa ko a keke, su kwana gidan dattijon ikilisiya. Ran kasuwa dattijon zai biyo ta makaranta, kuma da wuya ya taɓo zancen wa'azin. Abin da zai faɗa shi ne ko yaron ya gaida tsofaffi, ko ya raina tuwon dawa, ko ya ɗauki fartanya ba a ce masa ba. Gona ma tana ba da tata shaidar, don kowane ɗalibi magidanci da ɗan filinsa, malamai kuma suna wucewa ta nan da damina.

Baba yakan jingina wannan tsari da Gindiri, inda mishan ta SUM ta fara horar da masu bishara a 1934, inda kuma aka buɗe kwalejin tauhidi ta TCNN a 1959 kafin ta koma Bukuru. Daga nan sai zance ya kauce zuwa tsohon shugaban makarantarsu, wanda ya taɓa riƙe takardar ɗalibin da ya fi kowa maki har shekara guda. Matar ɗalibin ta zo makarantar mata da kumburarren ido, ta ce ƙofa ce. Shugaban bai sake tambayarta ba, ya kira mijin.

Baba ba ya ƙin digiri. Da alfahari yake ambaton Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya matsa a ɗaga ilimin tauhidi a Afirka, ya rasu a 1975 kafin a kafa ACTEA, hukumar tantance makarantun tauhidi a Afirka, a 1976. Ƙorafinsa shi ne ɗalibai da yawa yanzu daga gari suke zuwa a babur, su tashi da azahar, malami bai san matansu ba balle gonarsu. Wasiƙar shaida kuma ɗalibi da kansa yake karɓowa daga fastonsa, da hatimi, wani lokaci ma ɗalibin ne ya rubuta ta.