'Ya'yan Zelofehad Mata Biyar da Rabon Ƙasar Manassa

Babi na 26 na Littafin Ƙidaya, ɗaya daga cikin littattafai biyar na Attaura kamar yadda Yahudawa ke riƙe da su, wuri ne da masu karatu kan tsallake. Jerin sunaye ne: wane ya haifi wane, daga wane dangi kaza suka fito, ga adadin mazansu daga ɗan shekara 20 zuwa sama. Da aka zo kan ƙabilar Manassa ɗan Yusufu, mai mutum 52,700, sai lissafin ya ɗan tsaya. Ya ambaci wani Zelofehad ɗan Hefer, jikan Gileyad, ya ce bai bar ɗa namiji ba, sannan ya jero 'ya'yansa mata da sunayensu: Mala, No'a, Hogla, Milka da Tirza. A ƙidayar da aka yi don maza masu zuwa yaƙi, wannan tsayawa ba ta banza ba ce. Tana nuna abin da irin waɗannan jerin zuriya suke yi tun asali, wato tabbatar da wanda ke da haƙƙin ƙasa.

Babin da ke biye ya kawo labarin. Isra'ilawa na sansani a filayen Mowab, ba su riga sun haye Urdun ba, kuma an sanar cewa bisa ƙidayar nan za a raba ƙasar. Wanda sunansa bai shiga ba, gidansa ya rasa rabo. Matan biyar suka je ƙofar alfarwar taruwa, suka tsaya gaban Musa da Ele'azara firist da shugabannin jama'a, suka shigar da ƙara. Hujjarsu a tsare take. Suka fara da wanke mahaifinsu: ya mutu a jeji, amma ba ya cikin mutanen Kora da suka yi tawaye, don haka babu dalilin ƙwace rabonsa. Sannan suka tambayi abin da zai sa sunansa ya ɓace daga danginsa don kawai bai haifi namiji ba. Ba su ce a tausaya musu ba. Sun nemi gona a tsakanin 'yan'uwan ubansu.

Musa bai yanke hukunci da kansa ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, amsa kuma ta zo cewa matan suna da gaskiya. Daga nan aka kafa doka: idan mutum ya mutu ba ɗa, gadonsa ya koma ga 'yarsa, ba 'ya, ga 'yan'uwansa maza, babu su, ga baffanninsa, in su ma babu, ga dangi mafi kusa. Mai karatun da ya san ilimin rabon gado a Musulunci zai ga bambancin nan take. A can 'ya tana da rabo ko da ɗa namiji na nan. A dokar Littafin Ƙidaya kuwa, sai in babu ɗa ne take gado.

Malaman Yahudawa na baya sun sha muhawara kan laifin da ya jawo mutuwar Zelofehad. A cikin Talmud, Rabbi Akiba ya ce shi ne wanda aka kama yana tara itace ran Asabar, sai Yahuda ɗan Batira ya tsawata masa cewa ko dai ya tona abin da nassi ya rufe, ko kuma ya yi wa mutumin kirki ƙazafi. Har mutuncin wanda aka ambata a 'yan ayoyi ƙalilan sai da aka samu mai kare shi.

Masu karanta labarin a yau sukan tsaya a babi na 27, su ɗauke shi a matsayin nasarar mata kawai. Nasara ce, babu shakka, kuma ƙarfin halin matan abin yabo ne. Amma babi na 36, wanda ya rufe littafin, ya nuna inda hankalin jama'a yake. Shugabannin gidan Gileyad suka dawo da tasu ƙarar: idan matan nan suka auri mazan wata ƙabila, 'ya'yansu za su bi ubanninsu, gonar kuma ta fita daga Manassa har abada. Ko shekarar 'yantarwa, wadda a cikinta gonakin da aka sayar ke komawa ga masu su, ba za ta dawo da ita ba, domin gado ba ciniki ba ne. Aka ba su gaskiya su ma. Hukuncin ya zama mace mai gadon ƙasa ta auri wanda take so, amma daga cikin ƙabilar ubanta. Matan biyar suka auri 'ya'yan baffanninsu. Wanda ya san yadda auren zumunci ke riƙe gonar gandu a cikin gida ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Ba 'ya'yan Zelofehad kaɗai ba ne. Littafin Tarihi na Farko ya ambaci wani Balawe, Ele'azara ɗan Mali, da ya mutu ya bar mata kaɗai, 'ya'yan ɗan'uwansa Kish suka aure su. Ya kuma kawo Sheshan na ƙabilar Yahuza, wanda ya aurar da 'yarsa ga bawansa Bamasare mai suna Yarha, zuriyar ta ci gaba a lissafin gidan Sheshan.

Littafin Joshuwa, babi na 17, ya kammala lissafin. Dangogin Manassa na yammacin Urdun shida ne: Abiyezer, Helek, Asriyel, Shekem, Hefer da Shemida. Amma rabon da ya faɗo musu goma ne. Biyar na dangogi biyar, sauran biyar kuma na jikokin Hefer mata, kowace da nata.

A shekarar 1910 masu tonon tarihi na Jami'ar Harvard, ƙarƙashin George Reisner, suka haƙo gutsattsarin tukwane masu rubutun tawada a kangon fadar Samariya. Rasidai ne na ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suna lissafa tulunan ruwan inabi da na mai da aka kawo fada daga ƙauyuka, da shekarar sarautar da aka kawo su. Magatakardan da suka rubuta su ba wa'azi suke yi ba, kaya suke ƙirgawa. Duk da haka yankunan da suka ambata sun haɗa da Abiyezer, Helek, Shekem da Shemida, tare da No'a da Hogla. Sunayen biyu daga cikin matan sun bayyana a matsayin gundumomi masu aiko da kaya.

Tirza ma sananniya ce. Gari ce da Littafin Joshuwa ya saka cikin biranen Kan'aniyawa masu sarakunansu, kamar yadda ya saka Hefer. Daga baya ta zama fadar sarakunan Isra'ila ta arewa, har sarki Omri ya yi shekara shida a cikinta kafin ya sayi tudun Samariya ya koma can. Yawancin masana suna ganin ita ce kangon Tell el-Far'a na arewa, kusa da Nablus, inda Roland de Vaux ya yi tono tsakanin 1946 da 1960. Shekem kuwa birni ne da wasiƙun Amarna na Masar suka ambata tun ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ke nan bishiyar zuriyar Manassa taswira ce. Da ita ake bayyana yadda tsofaffin garuruwa da gundumomi suka shiga cikin ƙabila guda, wanne ne ɗa, wanne jika, wanne ya shigo ta wajen mace. Wasu masana sun ɗauki wannan suka ce matan biyar ba su taɓa rayuwa ba, sunayen wurare ne aka sa wa zane da ɗankwali. Wannan ya wuce abin da shaidar ta ba da. Gari kan ɗauki sunan wanda ya kafa shi, dangi kan ɗauki sunan kakarsu, kuma rasidan Samariya ba su faɗi wanda ya riga wani ba, mutum ko wuri. Ba su ma ambaci Mala da Milka ba. Abin da suka tabbatar ya fi wannan muhimmanci: mutanen da suka adana jerin sunayen suna da gonakin zaitun da na inabi a wuraren da sunayen ke nufi, don haka kuskure a lissafin zuriya yana iya zama asarar ƙasa.

Masanan shari'ar Yahudawa ma a matsayin shari'ar gado ta haƙiƙa suka karanta labarin. Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ta zauna ta ƙirga abin da matan suka samu, ta ce kashi uku ne: rabon mahaifinsu a matsayinsa na wanda ya fito daga Masar, rabonsa cikin dukiyar kakansu Hefer tare da 'yan'uwansa, da ƙarin kashin da ɗan fari ke ɗauka.