Usur a Hannun Mai Masauki

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihin yankinmu, na san da yawa za su zaci zan yi magana ne a kan rinin turkudi da ya kai sunan Kura har cikin Sahara, ko kuwa a kan shinkafa da tumatir. To, waɗannan suna da masu su. Ni abin da zan taɓo shi ne ƙwallon ƙafa, musamman ƙananan kulob-kulob ɗin nan na unguwa da na ƙauye waɗanda magoya baya ke ɗauke da su da kuɗin aljihunsu, da kuma dalilin da ya sa wasanninsu da dama ba sa kaiwa minti 90 sai an tashi baram-baram.

Tarihin ƙwallo a wannan yanki yana tafe ne tare da tarihin ruwa. Bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sai rani ya daina zama lokacin da samari ke ɗaure kaya su tafi ci-rani. Suka zauna gida suna noman alkama da tumatir da albasa, ga 'yan kuɗi a aljihu, ga yammaci babu aiki. Haka nan aikin ya kawo ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar nan, aka kuma buɗe makarantu, kowace da filinta. A birni kuwa a lokacin tauraron Raccah Rovers ne ke haskawa, domin ita ce ta lashe gasar ƙasa a 1978, kuma a wannan shekarar ta kara da Fluminense ta ƙasar Barazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya taka leda a cikinsa. Ita kanta Kano Pillars da aka kafa a 1990 an haɗa ta ne daga kulob uku, watau Golden Stars da Bank of the North da WRECA, ita kuwa WRECA hukumar jiha ce mai aikin ruwa da madatsu. Ashe ke nan ko Sai Masu Gida da muke alfahari da ita tana da jini ɗaya da magudanan da ke ratsa gonakinmu.

Amma waɗancan duk kulob ne masu uba, kamfani ko banki ko gwamnati. Namu na ƙauye ba su da kowa sai mu. Duk wanda ya tashi a Kura ko Karfi ko Ɗanhassan ko Gafan ya san yadda ake yi. Ana zama a ƙofar wani shago bayan sallar isha'i, a buɗe littafi, a yi karo-karo. Mai injin casar shinkafa ya sayi jesi, direba ya ba da motarsa a zuba mai kawai, tela ya ɗinka tuta, manomi ya yi alkawarin sai ya sayar da kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Wanda ba shi da ko sisi shi ne zai share fili, ya zuba toka a kan layi, ya ɗaura igiya. A Ingila sai a 2002 da 2005 aka yi ta yayata labarin magoya bayan da suka kafa kulob na kansu, AFC Wimbledon da FC United ta Manchester, alhali mu nan tun muna yara haka muka tarar ana yi, sai dai babu rajista, babu tsarin mulki a rubuce.

Wannan tsari yana da daɗi, yana kuma da dafi. Mutumin da ya cire kuɗin takin gonarsa ya zuba a kulob, ranar wasa yana tsaye ne bakin igiya a matsayin mai dukiya. A ganinsa ya biya, don haka nasara haƙƙinsa ce. Tsakaninsa da fili kuwa babu katanga, babu waya, babu ɗan sanda, sai igiya ɗaya da ɗan yaro ma zai iya tsallakewa.

Yanzu sai mu dubi mutumin da ke tsakiyar fili da usur a baki, domin a kansa maganar take. Galibi a irin waɗannan wasanni lafari wani tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta hana shi ci gaba, ko malamin firamare mai sha'awar abin. Wani ya taɓa halartar kwas na 'yan kwanaki, wani kuwa a gidan kallon ƙwallo ya koyi dokokin. Masu ɗaga tuta sau da yawa a nan take ake tsamo su daga cikin 'yan kallo, ɗaya daga kowane ɓangare, kowanne kuma tutarsa ba ta tashi sai in abokan hamayya ne suka yi satar gida. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce, wa ya gayyato lafarin? Masu gida. Wa ya aika babur ya ɗauko shi? Masu gida. Su ne suka ba shi abinci da ruwan sanyi, su ne za su ba shi ɗan abin da aka yi alkawari, kuma ba a ba shi sai an tashi. In magariba ta yi, babur ɗinsu ne zai mai da shi bakin titin Zariya ya nemi mota. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin nauyin da ke kan harshen mutum idan zai faɗi gaskiya a gaban wanda ke sa hannu a takardar albashinsa. To, ina ga wanda albashinsa da abincinsa da hanyar komawarsa gida duk suna hannun mutum ɗari uku da ke kewaye da shi, wasu da sanduna?

Saboda haka idan aka ce alƙalancin ƙananan wasanni ba shi da kyau, ni ina ganin rashin sani shi ne ƙaramin ɓangare. Na sha ganin lafarin da ya san doka sarai, ya ga an kwashe ƙafar ɗan wasan baƙi a cikin da'ira, ya ɗaga usur zuwa baki, sa'an nan ya dubi bakin igiya ya sauke hannunsa. Na kuma ga wanda ya ƙara minti goma sha wani abu har sai da masu gida suka farke. Su kuwa baƙi ba sa mantawa. Suna komawa gida ne da lissafi, ranar da aka zo garinsu su ma lafarinsu yana nan. Ta haka bashi ke taruwa tsakanin garuruwa biyu da ke shan ruwa daga magudana ɗaya, suke auratayya, suke haɗuwa a kasuwa ɗaya, har wata rana bugun fenariti guda ya zama sanadin fashe-fashen kai. Malamanmu na wasanni za su tuna cewa a gasar gidaje ta makaranta, duk zafin da ake yi, ba a taɓa jin wanda ya ɗaga wa malami yatsa ba. Tsoron bulala yana ciki, ban musa ba, amma kuma kowa ya san malam bai ci abincin kowane gida ba.

Kada wani ya ce wannan halin 'yan ƙauye ne. Abin da ya faru a Bauchi a watan Yulin 2013 ya isa shaida cewa cutar ta kama ƙananan rukunonin gasar ƙasa ma. Kulob biyu, Plateau United Feeders da Police Machine, suna da maki ɗaya, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba wanda zai hau rukuni na gaba. Aka buga wasanninsu a lokaci guda. Da aka tafi hutun rabin lokaci Feeders na cin Akurba 7 da nema, Police Machine na cin Babayaro ta Gombe 6 da nema. Da aka tashi kuwa sakamako ya zama 79 da nema, da kuma 67 da nema. Watau a wasan farko an zura ƙwallo 72 cikin minti 45, kowace ƙwallo a ƙasa da daƙiƙa 40, kuma akwai alƙalai a fili suna busa usur suna nuna tsakiya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da kulob ɗin huɗu na shekara 10, ta kuma haramta wa 'yan wasan da jami'an wasan harkar ƙwallo har abada. Duniya ta yi mana dariya, amma duk wanda ya san filayenmu ya san cewa yawan ne kawai sabo.

Hatta a babbar gasa, shekaru da yawa kulob ɗin gida ne ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalai da alawus ɗinsu, shi ya sa cin wasa a waje ya zama abin da ake ba da labari. Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo Kano ta ci ta 2 da 1, bayan wasa 202. Ba na rage wa 'yan wasan komai, domin kulob ɗin da ya ɗauki kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya kuma fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, ba ya buƙatar a yi masa alfarma. Sai dai an yi yaran da suka tashi tun daga firamare har suka gama sakandare ba su taɓa ganin an ci Pillars a Ƙofar Mata a gasar ƙasa ba. Irin wannan yaro, in ya girma, kunnen doki ma a wurinsa zalunci ne, kuma ya riga ya san wanda zai tuhuma.

Sakamakon yana nan a rubuce. A watan Yunin 2019, a filin Agege na Legas, bayan an ba Enugu Rangers fenariti a ƙarshen wasa an tashi 1 da 1, magoya baya suka afka fili suka bi alƙalin wasa. Aka ci Pillars tarar Naira miliyan 8, aka kuma yanke wa kyaftin Rabi'u Ali dakatarwar wasa 12. A watan Afrilun 2022, a filin Sani Abacha, aka tsayar da wasa da Katsina United ana canjaras babu ci, aka farfasa motar baƙin. Tara ta zama miliyan 9, aka cire maki 3, aka mai da wasannin gida Abuja. A ƙarshen wannan kakar Pillars ta faɗa rukuni na biyu, ita kuma Katsina United da aka farfasa wa mota ta bi ta, suka dawo tare a 2023. Wanda ya zaci an ɗauki darasi sai ya jira Oktoban 2025, lokacin da Shooting Stars ta Ibadan ta farke a cikin ƙarin lokaci, aka sake tsallaka shinge aka far wa alƙalai da baƙi. Wannan karon miliyan 9 da rabi ne, da maki 3, da ƙwallaye 3, aka kuma tura kulob ɗin ya riƙa karɓar baƙinsa a Katsina, har sai da Ahmed Musa, a matsayinsa na babban manaja, ya fito ya nemi afuwar jama'a. Masu tsallaka shingen nan ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu a irin filayenmu suka fara koyon cewa igiya aba ce da ake tsallakewa, kuma ba a taɓa kama kowa ba.

Inda abin yake kaiwa idan taro ya yi yawa kuwa, 'yan uwanmu Hausawan Gana sun fi mu sani. Ranar 9 ga Mayun 2001, a babban filin Akara, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 da ƙwallaye biyu na ƙarshen wasa. Magoya bayan Kotoko, waɗanda suka ga kamar alƙali ya cuce su, suka shiga jifa da kujeru da kwalabe. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, aka ruga ƙofofi aka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka rasu, kuma unguwar Nima, zangon da ke da Hausawa da yawa, tana cikin inda aka fi yin jana'iza. Allah Ya jiƙansu.

Bambancin babban kulob da namu shi ne, Pillars tana da gwamnatin jiha a bayanta, in an ci ta tara a biya, in ta faɗi ta tashi. Kulob ɗin ƙauye rikici ɗaya ke kashe shi. Da zarar an fasa kan wani, magana ta koma hannun dagaci da 'yan sanda, kuɗin da aka tara don sayen ƙwallo da jesi su tafi wajen beli da magani. Mai injin casa ya ce shi ya cire hannunsa, direba ya ce ba za a sake fasa masa gilashi ba, iyaye su hana 'ya'yansu fita. Gasar da aka fara da kulob 16 sai ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe, kofin ya koma gidan wanda ya saya ya zauna a kan kabad. Yaron da ya fi kowa iya taka leda, wanda wataƙila da an kai wasan ƙarshe wani koci daga birni zai gan shi, ya koma ɗaukar buhu.

A 'yan shekarun nan na ga wata gasar cin kofi a yankinmu da masu shirya ta suka sauya abu guda. Kowane kulob ya zuba kuɗin alƙalanci tun wajen rajista, aka ajiye a hannun kwamiti. Kwamitin ne ke gayyato lafari da masu tuta biyu daga wata ƙaramar hukuma, ya biya su kafin a take wasa, ya kuma tanadi motar da za ta fitar da su. An yi gardama, an yi ihu, har an ba da jan kati ga ɗan masu gida a gaban mahaifinsa, amma an buga wasan ƙarshe an miƙa kofi. Da yawa daga cikinmu yanzu mu ne ake kawo wa takardar neman gudummawa idan za a sa kofi a garuruwanmu, wasunmu ma har da sunansu ake sa shi. Ni dai duk wanda ya kawo mini irin wannan takarda, kafin in tambaye shi nawa ne kuɗin jesi, sai na fara tambayarsa wa zai biya lafari, kuma a motar wa zai koma gida.