Odar wuƙa ta intanet daga ƙasashen waje: Ƙa'idojin kasuwanni da na kwastam

Duk lokacin da Babbar Sallah ta ƙarato, kasuwar wuƙa kan buɗe, tun daga birnin Sakkwato har garuruwa irin su Dandin Mahe a Ƙaramar Hukumar Shagari da kuma Boɗinga. Maƙeran gida ne suka saba biyan wannan buƙata, amma yanzu wasu 'yan kasuwa da mahauta sun fara yin odar wuƙaƙe ta waya daga AliExpress, Temu, Amazon da eBay. Wani ya biya kuɗi a soke odar, wani kuma kayansa su maƙale a Legas har layya ta wuce.

Ba a haramta shigo da wuƙar girki ko ta fawa Najeriya ba. Sai dai kafin ta iso hannun mai ita, dole ta tsallake shinge uku: na kasuwar da aka saya, na kamfanin jigila, da na Hukumar Kwastam.

Shingen kasuwa

Kowace kasuwar intanet tana da jerin kayan da ba ta yarda a sayar ba, kuma tana bin dokar ƙasar da kayan za su fito. A eBay, alal misali, an hana sayar da wuƙa mai maɓalli wadda ruwanta ke zarowa da kansa, da wuƙar da aka ɓoye cikin wani abu kamar alƙalami ko kan bel, da sandar da aka ɓoye takobi a cikinta. Tun 1958 dokar tarayya a Amurka ta taƙaita shigo da wuƙa mai maɓalli da cinikinta tsakanin jihohi.

Birtaniya ta fi tsanantawa. Dokarta ta 2019 ta wajabta tabbatar da cewa mai karɓar wuƙar da aka saya ta intanet ya kai shekara 18. A Satumban 2024 an haramta manyan wuƙaƙen da ake kira zombi a Ingila da Wales, sannan a Agustan 2025 aka haramta takobin ninja. Wannan ya sa masu sayarwa da dama a can ba sa aika wuƙa ƙetare. Saboda haka idan shafi ya nuna cewa ba za a kai kaya Najeriya ba, sau da yawa hanin daga can ya taso, ba daga kwastam ba.

Shingen jigila

Kamfanonin jigila da gidajen waya suna da nasu sharuɗɗan. Wuƙar da aka yarda a ɗauka dole a rufe bakinta da kube ko kwali mai kauri don kada ta yanki ma'aikaci, kuma wasu kamfanonin ba sa karɓar duk abin da ya yi kama da makami. Matafiyi ma, ko alhaji ne mai dawowa daga Saudiyya, ba a barinsa ya shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu. Sai dai ya sa ta cikin kayan awo.

Shingen kwastam

Hukumar Kwastam tana aiki ne da dokarta ta 2023, kuma tana rarraba kaya bisa lambobin da duniya ta amince da su. Wuƙaƙen girki, na fawa da masu naɗewa suna ƙarƙashin lamba 82.11. Adda da gatari suna 82.01, cikin kayan aikin gona da daji. Takobi, mashi da wuƙar bakin bindiga kuwa suna 93.07, wato babin makamai. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin lamarin, domin abin da ya faɗa babin makamai ba a shigo da shi sai da takardar shaidar mai amfani da kaya, wadda Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ke bayarwa.

Yawan kaya ma yakan jawo bincike. A 2022 jami'an kwastam na tashar Tin Can da ke Legas sun sanar da kama adduna 206,000, duk da cewa adda kayan aikin manomi ce. A yanayin tsaron da ake ciki, musamman a Arewa maso Yamma, kaya mai kaifi da ya zo da yawa ba ya wucewa ba tare da tambaya ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba. Jerin kayan da aka haramta shigo da su kwata-kwata, wanda ya ƙunshi gwanjon tufafi da ƙaramar bindigar iska har da wuri, ya haɗa da yadi, tangaran da kayan ƙarfe kowane iri da aka rubuta wa ayoyin Alƙur'ani ko Hadisi. Mai sha'awar takobin ado da aka zana wa aya ya kamata ya san da haka kafin ya biya kuɗi.

Kuɗin fito

Tun 2015 Najeriya ke amfani da harajin bai-ɗaya na ECOWAS mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa suna matakin kashi 20. Ana lissafin ne a kan kuɗin kaya haɗe da na jigila da inshora, sannan a ƙara harajin VAT na kashi 7.5 da wasu ƙananan kuɗaɗe, ciki har da rabin kashi ɗaya na ECOWAS.

Daga 8 ga Satumba, 2025, an yafe kuɗin fito ga ƙunshin da darajarsa ba ta haura dala 300 ba, idan ya zo ta kamfanin jigilar gaggawa ko cikin kayan matafiyi, har sau huɗu a shekara. Sassaucin bai shafi kayan da aka haramta ko aka taƙaita ba, kuma bai hana jami'ai buɗe ƙunshi su duba ba.

Mai saro kaya da yawa don sayarwa hanyarsa daban ce. Zai buɗe Fom M ta banki, ya samu takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kaya idan kayan na cikin waɗanda take sa wa ido, sannan kwastam ta fitar masa da rahoton PAAR kafin fito. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan girki cikin jerin kayan da ba a ba su dala a kasuwar gwamnati, amma ya janye wannan hani a Oktoban 2023.

Waɗannan ƙa'idoji ba a Legas kaɗai suke aiki ba. Kayan da suka biyo ta Birnin Ƙonni suka shigo ta Illela suna ƙarƙashin rundunar kwastam ta Sakkwato da Zamfara, kuma kauce wa shingen hukuma fasa-ƙwauri ne.

Kafin a biya kuɗi

A ƙa'idar manyan kasuwanni, mai karɓar kaya shi ne mai shigo da su, don haka idan aka kama ƙunshi ba lallai a mayar masa da kuɗinsa ba. Ɗan kasuwar Dandin Mahe da ke son kaya su riski layya zai fi samun kwanciyar hankali idan ya kiyaye abubuwa huɗu. Ya tsaya ga wuƙar aiki, ya guji mai siffar makami. Ya nemi mai sayarwa ya rubuta ainihin sunan kaya da farashinsu, domin rubuta "kyauta" ko "cokula" a kan kwalin wuƙaƙe bayanin ƙarya ne da ke kai ga ƙwace kaya da tara. Ya adana rasit da lambar bibiyar ƙunshi. Idan kuma kayan na da yawa, ya tuntuɓi wakilin fito mai lasisi tun kafin oda, ya kuma ba da ratar makonni da dama kafin watan Zulhajji ya kama.