Daga Teburin Abinci zuwa Gidan Tarihi

Ranar 1 ga Fabrairu 1901, masu zane tara da wani ɗan kasuwa, Henry S. Fleming, suka kafa ƙungiya a birnin New York na Amurka, suka raɗa mata suna Society of Illustrators. Sana'arsu ita ce zana hotunan mujallu da littattafai da na talla, a zamanin da hoton kyamara bai gama ƙwace shafukan jarida ba. Kuɗi kam suna samu. Abin da ba su da shi daraja ce, domin masu zanen da ake rataye aikinsu a manyan zauruka suna yi musu kallon ƴan ƙwadago: a ba ka aiki, ka zana, a biya ka.

Da fari ba su wuce haɗuwa cin abincin dare sau ɗaya a wata ba, inda irin su Howard Pyle ke zama, marubuci Mark Twain ma yakan zo baƙunci. Kada a raina wannan zama. Mai zane yini yake yi shi kaɗai a ɗaki, sai a irin wannan majalisa yake sanin yana da ƴan uwa.

Yaƙi ne ya fito da su fili. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, shugabansu Charles Dana Gibson ya tattara su don yi wa gwamnati hotunan kiran soja da neman gudummawa. A shekarar ne hoton James Montgomery Flagg, na dattijon nan Uncle Sam mai nuna yatsa, ya bazu a bangayen ƙasar. Gwamnati ta gane cewa hoto yana isa inda dogon jawabi ba ya kaiwa.

Sai dai waɗanda suka yi kukan raini su ma sun raina wasu: mata ba su zama cikakkun mambobi ba sai 1922.

A 1939 ƙungiyar ta tare a gidanta na kanta, wani tsohon ma'ajin kekunan doki da aka gina a 1875. A 1958 ta fara karrama gwanayen sana'ar, da Norman Rockwell a kan gaba, a 1981 kuma ta buɗe gidan tarihin zane a cikin ginin. Hotunan da aka yi don a buga a jefar da mujallar bayan mako guda, su ne aka sa wa firam aka rataye a bango.